Haihuwa a Hannun Sistocin Katolika: Abin da Na Gani Sau Biyu a Sudan

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, danginmu suka watse, wasu suna Kasala, wasu Gadarif, wasu Fot Sudan, wasu kuma sun ƙetare iyaka, kuma mata da yawa da a da suke da ungozomarsu ta unguwa da likitan da suka saba da shi sun wayi gari suna neman inda za su yi awon ciki a garin da ba su san kowa ba. A watan jiya 'yar wana ta kira ni ta ce, "Goggo, asibitin da ya fi kusa da mu na sistocin coci ne, shin babu laifi in yi awo a can, kuma gaskiya ne ba sa yi wa mace aiki ko da za ta mutu?" Wannan tambaya ta zo mini daga baki fiye da ɗaya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani da idona, domin sau biyu na yi jinyar haihuwa a wani asibitin haihuwa da sistocin Katolika suke gudanarwa, na farko a 2019 tare da 'yata ta fari, na biyu a 2021 tare da ƙanwata. Ba zan kama sunan asibitin ko garin ba. Gyare-gyaren da zan ambata na wuri ɗaya ne da lokaci ɗaya, amma ƙa'idojin da suke aiki da su daga koyarwar cocinsu suka fito, kuma mace za ta same su a kowane asibiti nasu.

Mu 'yan asalin Mai Wurno ne, garin da ke gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda kakanninmu suka zauna a cikinsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Iyayenmu mata a ɗaki suka haife mu, a durƙushe, kuma Inna har gobe tana alfahari da cewa ta haihu tara ba wanda ya ji muryarta. A tarbiyyar da muka taso a ciki, mai haihuwar fari ba ta kuka, ba ta faɗin cewa naƙuda ta fara sai abin ya ci ƙarfinta, kuma wadda aka yi wa aiki ana yi mata kallon raguwa. Na san matan da wannan kunya ta sa suka kwana biyu ko uku a kan gwiwa, jariri ya mutu a ciki, su kuma suka tashi da yoyon fitsari, miji ya guje su. A ɗaya gefen kuma, a birni na ga maƙwabta waɗanda da zarar sun shiga asibitin kuɗi da ciwon mara na awa uku sai a ce a kawo kuɗin tiyata. Tsakanin waɗannan tsoro biyu na kai 'yata wurin sistocin, bisa shawarar wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa.

Wurin ba shi da girma, kuma ba shi da ƙyale-ƙyale. Akwai baranda mai tsawo da bencina, da tsakar gida mai bishiyoyin darbejiya, da ɗakunan kwanciya waɗanda ake goge daɓensu safe da yamma. A bangon ofishin awo akwai gicciye da hoton Josefin Bakhita, 'yar Darfur ɗin nan da aka sace tana yarinya aka sayar da ita baiwa, ta zama sista a Italiya, cocin kuma ya sanya ta cikin waliyyansa a shekarar 2000. Mafi yawan matan da ke kan layi Musulmi ne cikin lafayarsu, kuma a zuwana duka biyu babu wanda ya yi mana wa'azi ko ya miƙa mana wata takarda ta addini. Akwai wani lungu da aka shimfiɗa tabarma, da butoci a gefe, inda masu jinya suke salla.

Aikin Katolika a Sudan tsoho ne, domin Daniyel Komboni, bishop ɗan Italiya wanda makarantunsu da yawa suke ɗauke da sunansa, a Khartum ya rasu a 1881. Amma shigar sistoci ɗakin haihuwa ba ta kai haka tsufa ba, saboda dokar cocin ta daɗe tana hana su aikin tiyata da karɓar haihuwa, sai a 1936 fadar Vatikan ta fitar da umarnin da ya buɗe musu wannan ƙofa, har ma ya ƙarfafa su su nemi takardar shaidar likita da ta ungozoma, saboda yawan mutuwar mata da jarirai a ƙasashen da suke aiki. Kafin nan ma Sudan ta riga ta sami makarantar ungozomomi ta Omdurman, wadda wata ungozoma Baturiya mai suna Mabel Wolff ta buɗe a 1921, kuma ungozomomin da suka karɓi haihuwar jikokin gidanmu a asibitin sistocin 'yan Sudan ne masu takardar gwamnati, waɗanda kowa ke kira daya.

'Yata ta fara naƙuda bayan sallar isha, muka isa asibiti wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ba ta haihu ba sai bayan la'asar ta washegari. A cikin waɗannan awanni na koyi abin da suke nufi idan sun ce haihuwa ba ciwo ba ce. Ba su kwantar da ita a gado da ƙarin ruwa a hannu ba. Ungozoma ta ce ta tashi ta yi ta zagaya baranda, ta dafa kafaɗata idan ciwon ya taso, ta durƙusa idan durƙuson ya fi mata sauƙi, ta sha ruwa da shayi. Amma kowane rabin awa sai ga ta da wani ɗan ƙaho na ƙarfe, ta ɗora shi a kan cikin, ta kara kunnenta, idonta a kan agogon da ke maƙale a ƙirjinta, tana ƙirga bugun zuciyar jariri, sannan ta koma ta ɗiga alama a wata takarda mai layuka da ke rataye a ƙarshen gado. Bayan kowane awa huɗu kuma ana duba buɗewar bakin mahaifa a ɗiga wata alamar. Da gari ya waye na fara damuwa, sai babbar sista, wata dattijuwa mai Larabcin Sudan tsantsa, ta ɗauko takardar ta nuna mini da yatsa. Ta ce muddin waɗannan alamomi suna tafiya yadda ya kamata, kuma zuciyar jariri tana bugawa daidai, ba za ta taɓa yarinyar da wuƙa ko da allurar naƙuda ba, amma da zarar sun kauce za ta aika a kira likita ko da bai gama karin kumallo ba. Wannan bai saɓa wa ilimin zamani ba, domin a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsohon ma'aunin nan na buɗewar santimita ɗaya a kowace awa bai dace da kowace mace ba, kuma jinkiri shi kaɗai ba dalili ba ne na gaggauta naƙuda da magani ko da tiyata.

Inna ta zo da asuba da dabino da rubutun sha a cikin gora, da kuma wani jiƙo na saiwoyi da wata tsohuwa ta ba ta don saurin sauka. Na ɗauka za a yi rigima, amma sistar ta zauna kusa da ita a kan benci ta ce, "Hajja, dabino da addu'arki ki ba ta, mu ma mun san labarin Maryam da dabino a wurinku, amma wannan jiƙon ki bar mini shi a nan, domin ba mu san ƙarfinsa ba, kuma irinsa yana matse mahaifa har ta yage." Inna ta miƙa mata kwalbar ba tare da ta ji an raina ta ba, kuma wanda ya san tsofaffinmu ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Wajen azahar ciwon ya kai inda 'yata ta fara cizon mayafinta, ungozoma ta tambaye ta ko tana son allurar rage zafi. Inna ce ta amsa a madadinta, ta ce wahalar haihuwa lada ce, kuma ai su Kiristoci ma littafinsu ya ce da wahala mace za ta haihu. Amsar sistar ta sa daga baya na je na bincika maganar da kaina. Aya ta 16 a sura ta 3 ta Littafin Farawa ta faɗi haka, kuma an daɗe ana samun masu fakewa da ita su hana mata magani. Amma a ranar 8 ga Janairun 1956 Fafaroma Pius na 12 ya yi wa likitocin mata jawabi a kan dabarar haihuwa da sauƙin ciwo, ta hanyar koyar da numfashi da cire tsoro, wadda ta fito daga Tarayyar Sobiyet, wani likitan Faransa mai suna Lamaze ya yaɗa ta, inda ya bayyana cewa ayar ba ta hana ɗan Adam neman sauƙi ba, kamar yadda hukuncin cin abinci da gumin goshi bai hana manomi neman abin da zai rage masa wahala ba. A Fabrairun 1957 kuma ya gaya wa likitocin kashe zafi cewa amfani da magungunan rage ciwo halal ne a koyarwarsu. Matsayinsu ke nan: macen da ta zaɓi ta jure don neman lada tana da 'yancin yin haka, amma ba wajibi ba ne a kanta, kuma ba hurumin wani ba ne ya zaɓa mata. Sistar ta juya ta sake tambayar 'yata ita da bakinta, yarinyar ta gyaɗa kai, aka yi mata allura a cinya, ta samu ta ɗan runtsa, bayan la'asar kuma ta sauka lafiya da ɗa namiji ba tare da an yi mata ƙari ba.

Zuwana na biyu ya sha bamban, kuma shi ne amsar tambayar 'yar wana. Ƙanwata tana da ciki na biyar, an riga an yi mata aiki sau biyu, kuma a wata na takwas ƙafafunta suka kumbura, jininta ya hau. Mijinta da surukarta suna son a bar ta ta gwada haihuwa da kanta, har suna cewa ai sistoci ba sa son wuƙa, shi ya sa ma suka yarda a kawo ta nan. Sistar da ta yi haƙurin awa goma sha bakwai da 'yata ita ce ta zaunar da mijin a ofis, ta ce masa mahaifa mai tabo biyu da jini mai hawa ba abin gwaji ba ne, kuma kula da lafiya ta hanyoyin da aka saba wajibi ne a addininsu, ƙin yin tiyatar da za ta ceci uwa da ɗa ba tawakkali ba ne. Da daddare ƙanwata ta fara ciwon kai da gani dishi-dishi, alamun jijjiga, nan take aka yi mata allurar da ke tare jijjiga, aka kira likita, kafin asuba an ciro 'ya mace. An yi mata allurar baya ne, tana farke, ta ji kukan jaririyar da kunnenta. Saboda haka maganar cewa ba sa yi wa mace aiki ba gaskiya ba ce.

Inda suka ja layi wani wuri ne daban, kuma a nan ne nake da ƙorafi. Ƙanwata da mijinta sun riga sun yanke shawara, bisa nasihar wani likita, cewa idan an buɗe ta karo na uku a ɗaure mata mahaifa gaba ɗaya. Da ta faɗi haka a ɗakin awo sai aka ce mata ba a yin wannan a asibitin, kuma ba a ba da ƙwayoyin tazara, ko allura, ko roba. Dalilin yana cikin wasiƙar Humanae Vitae da Fafaroma Paul na 6 ya fitar a watan Yulin 1968, wadda ta haramta wa mabiyansa hana ɗaukar ciki da magani ko da tiyata, ta bar musu lura da kwanakin da mace ba ta ɗaukar ciki kawai. A 1993 ma fadar Vatikan ta amsa tambaya a kan hali irin na ƙanwata, ta ce idan mahaifa ta lalace har tana barazana ga ran mace a lokacin, kamar ta fashe ko jini ya ƙi tsayawa, a cire ta babu laifi, amma ba a yarda a cire ta ko a ɗaure ta don gudun haɗarin cikin da bai zo ba. A fiƙihunmu abin ya fi faɗi, domin Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Kuwait a 1988 ta halatta tazarar haihuwa da yardar miji da mata, ta kuma hana yanke haihuwa gaba ɗaya sai da larura, kuma malamin da muka tambaya ya ga larura a halin ƙanwata.

Ban ga laifinsu da suka tsaya a kan abin da suka yi imani da shi ba, kuma ba su yi mana ƙarya ko ɓoye-ɓoye ba lokacin da aka tambaye su. Laifin da na gani shi ne ba su faɗa tun ranar farko ba. Mace mai tabo biyu ya kamata a gaya mata ranar da ta yanki kati cewa ga abin da ba a yi a nan, domin ta sami lokacin zaɓar wani asibiti inda za a haɗa mata aikin biyu a buɗewa ɗaya. Ƙanwata ba ta ji wannan ba sai a wata na takwas, jini ya riga ya hau, canja wuri kuma ya zama kasada. Bayan haihuwa sun koya mata hanyar Billings, wadda wasu likitoci mata da miji 'yan Ostareliya suka tsara, ta lura da canjin ruwan gaban mace don gane kwanakin ɗaukar ciki. Sun koyar da ita da kyau, da jadawali da haƙuri, har suka nemi mijin ya halarta. Sai dai hanya ce da ta rataya a kan haƙurin namiji, tana kuma da wuyar bi ga mai shayarwa wadda al'adarta ba ta daidaita ba, kuma ga mace mai tabo uku kuskure ɗaya yana iya zama ajali. Bayan arba'in na raka ta asibitin gwamnati aka sanya mata abin tazara a damtse.

Akwai wani tsoro da ake yaɗawa cewa idan abu ya rikice Katolika suna zaɓar jariri su bar uwa. Abin da koyarwarsu ta ce shi ne ba a kashe ɗayansu da gangan don ceton ɗayan, amma ana yi wa uwa maganin da ranta yake buƙata ko da an san cikin ba zai tsira ba, kamar cire bututun da ciki ya zauna a cikinsa a wajen mahaifa, ko cire mahaifa mai ciwon daji. Matsalar tana tasowa ne a lokuta masu wuya, irin su fashewar faya tun ciki yana ƙarami alhali zuciyar ɗan tayi tana bugawa, inda za su iya jira fiye da yadda wani asibiti zai jira. Macen da ta taɓa samun irin wannan ta tambayi likitansu kai tsaye me za su yi, da kuma inda za su tura ta.

Wani abin da ya ƙara musu daraja a idona shi ne ƙin mayar da ɗinkin kaciya bayan haihuwa, abin da matan Sudan ke kira adal. Wata da ke gadon kusa da 'yata, dangin mijinta sun matsa a mayar da ita yadda take, ungozoma ta ƙi, ta ce za ta ɗinke abin da haihuwa ta yaga ne kawai. Wannan ya faru shekara guda kafin gwamnati ta mayar da kaciyar mata laifi a dokar 2020.

A ɓangaren jego ma sun yi mana amfani. Ana ɗora jariri a ƙirjin uwa tun kafin a yi masa wanka, ana kuma nace wa a ba shi dakashi, wanda wasu tsofaffinmu suke matsewa su zubar. Ba su hana kunun hulba da maƙwabtanmu Larabawa suke kawo wa maijego ba, amma sun ja kunnen Inna a kan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a kan gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, musamman ga ƙanwata mai hawan jini. Gaskiyarsu ce, domin likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa da waɗannan al'adu. Ga wadda aka yi wa aiki kuma sun ce kada a kusanci tabon da ganye ko ruwan zafi sai ya warke.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne amma suna da tasiri. Layin awo yana da tsawo, wadda ba ta zo da sassafe ba takan kai azahar. Ba su da ma'ajiyar jini, sai da muka tara 'yan'uwa maza uku cikin dare suka je wani wuri aka ɗebi jininsu, kuma jaririn da aka haifa bakwaini sosai sai an tura shi babban asibiti. Ba a barin miji ya shiga ɗakin naƙuda, mace ɗaya kawai ake bari, lokacin ziyara kuma ƙayyadadde ne, abin da bai yi wa masu zuwa barka daɗi ba, ko da yake ni na ga maijego ta samu barci saboda shi. Babu mai jin Hausa cikin ma'aikata, don haka tsohuwar da Larabcinta bai nuna ba tana buƙatar mai fassara. Kuɗinsu ya fi na asibitin gwamnati, bai kai na asibitocin kuɗi ba, sai dai a 2021, bayan da aka karya darajar fam, kuɗin Sudan, a watan Fabrairu, abin da aka gaya mana ranar yankar kati ba shi muka biya ranar sallama ba. Na kuma ga sun sassauta wa wata mata da mijinta ya gudu ya bar ta, ba tare da sun tozarta ta a gaban mutane ba.

Na gaya wa 'yar wana ta je ta yanki kati, tunda cikin fari ne kuma ba ta da wani ciwo, ta riƙa zuwa awo a kan lokaci, ta tanadi mutum biyu masu irin jininta, ta tambaya tun ranar farko ko likitan tiyata yana kwana a asibitin ko kiransa ake yi, kuma maganar tazara ta bar ta sai bayan arba'in a wani wuri. Ta je ranar Talatar da ta wuce tare da surukarta, an auna jininta an ce yana da ɗan ƙaranci, an ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da gidan sauro, an kuma rubuta mata ta koma bayan sati huɗu.